Yadda ake wanke firam ɗin tagar alminiyum a gida ba tare da an ɓata shi ba

Duk wanda ya zagaya sababbin gine-gine a Damagaram zai lura cewa tagogin alminiyum, waɗanda masu harhaɗa su ke kira alu, suna ta maye gurbin na ƙarfe da na katako, har ma a wasu tsofaffin gidaje na Birni da Zongo da aka yi wa gyara. Dalilin a fili yake: gara ba ta cin alminiyum, ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, kuma ba shi da nauyi. Sai dai bayan shekara biyu ko uku, za a tarar da yawancin tagogin nan sun dushe, jikinsu ya yi dabbare-dabbare, wasu kuma sai an sa ƙarfi kafin su buɗe. Abin da na lura da shi a gidana da gidajen ƴan uwa shi ne, mafi yawan ɓarnar daga wajen wankin take fitowa, domin hannun da ya saba goge tukunya shi ne yake goge tagar, kuma da kayan da yake goge tukunyar.

Kafin a ɗauki soso, yana da kyau a san abin da za a wanke. Alminiyum yana da wata fata siririya da take samuwa a jikinsa da zarar ya haɗu da iska, kuma ita ce take kare shi daga lalacewa. A masana'anta akan ƙara wa wannan fata kauri ta hanyar tsoma sandunan cikin wani ruwan sinadari a sa masu lantarki, shi ya sa ake samun firam mai launin azurfa, ko na tagulla, ko baƙi, wanda ake jin santsinsa idan an shafa. Duk da haka kaurin fatar a firam ɗin gini yakan tsaya tsakanin maikiron 15 zuwa 25, alhali maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato fatar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Akwai kuma firam mai fenti, galibi fari, wanda ake fesa masa garin fenti a gasa shi a tanderu har ya kama jikinsa. Kowanne daga cikinsu aka samu, abin da ke ba taga kyau da kariya yana a saman jiki ne kawai, kuma idan aka kankare shi babu wani gyara da za a yi a gida ya dawo yadda yake.

A nan ne al'adarmu ta wanke-wanke take cutar da taga. Mun tashi mun ga iyayenmu mata suna goge tukwanen alminiyum da toka da yashi da soson ƙarfe har su yi ƙyalli kamar sababbi, kuma hakan bai zama laifi ga tukunya ba, domin tana da kauri, abin da ake kankarewa kaɗan ne daga jikinta. Taga kuwa ba ta jure wannan. Yashi da soson ƙarfe suna zana mata ƙarce, ƙura ta samu wurin zama a cikin ƙarcen, sannan soson ƙarfe yana barin burbushinsa a jikin firam, ya yi tsatsa, a wayi gari a ga ɗigo-ɗigo ja a abin da aka ce ba ya tsatsa. Toka da kanwa kuma ɓarnarsu ta sinadari ce, saboda suna cikin abubuwan da ke narkar da fatar alminiyum. Duk matar da ta taɓa jiƙa kanwa ta kwana a kwanon alminiyum ta ga yadda cikinsa yake yin duhu. Haka lamarin yake ga sodar da ake haɗa sabulu da ita, da sabulun gida mai kaifi, da ruwan jabel, wato bilicin da ake faranta tufafi da shi. Garin sabulun wanki ma yana da kaifi fiye da yadda ake zato, don haka idan babu wani sai shi, a sa kaɗan ƙwarai, a bari ya narke sosai, kuma a ɗauraye nan take.

Na koyi wannan ne da asara. Wata shekara ana shirin ƙaramar salla, aka yi sharar gida gaba ɗaya, wata yarinyar gidanmu mai ƙwazo ta ɗauki toka da soson ƙarfe ta goge firam ɗin tagar falo da zuciya ɗaya. A ranar tagar ta yi haske, kowa ya yaba mata. Kafin babbar salla wurin da ta goge ya koma toka-toka, ya fi sauran jikin kama datti, kuma har yau haka yake. Ban ga laifinta ba, tun da babu wanda ya taɓa gaya mata, ni ma kaina a lokacin ban sani ba.

Kayan da ake bukata ba su da tsada, kuma yawancinsu akwai su a gida ko a kasuwar Dole. Ana son bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya. Sabulun ruwa na wanke kwanuka. Soso mai laushi irin na katifa. Tsummoki uku ko huɗu na auduga, kuma tsohuwar singileti ko tsohon zane da ya sha wanki sun fi komai dacewa. Buroshin fenti sabo wanda bai taɓa shiga fenti ba. Tsohon buroshin haƙori. Da tsinken tsintsiya ko na sakace. Idan soson mai fuska biyu ne, a yi aiki da gefen mai laushi kawai, domin koren gefen nan mai kaushi yana ƙarce fenti da fatar alminiyum. Ma'aunin sabulu shi ne kamar cokalin shayi ɗaya a ruwa lita biyu. Yawan kumfa ba ya ƙara tsabta, wahalar ɗauraya kawai yake ƙarawa, kuma a garin da ake sayen ruwa daga ƴan garuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A zaɓi lokacin da firam ɗin yake da sanyi, wato da safe bayan an karya, ko da la'asar sakaliya a gefen da inuwa ta sauka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garin nan, firam ɗin da rana ke duka yakan yi zafin da hannu ba ya iya riƙe shi, kuma ruwan sabulun da aka shafa masa yana bushewa kafin a kai ga ɗauraya, ya bar zane-zane masu wuyar fita. Tagar gabas a bar ta sai yamma, ta yamma kuma a yi ta da safe.

Mataki na farko, wanda ni a ganina ya fi duk sauran muhimmanci a ƙasarmu, shi ne a cire ƙura a bushe kafin ruwa ya taɓa tagar. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har zuwa Maris tana da laushi a ido, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi alminiyum tauri. Idan aka jiƙa tsumma aka goga a kanta, an mayar da tsumman takardar goge katako ke nan, kuma abin da ya gangara cikin kwarin firam ya zama taɓo, ya bushe ya daskare. Saboda haka a buɗe tagar, a fara daga sama da buroshin fenti, a kaɗe ƙurar zuwa ƙasa, a bi kusurwoyi da bakin roba inda gilashi ya shiga firam, a cire yanar gizo da duk abin da ya maƙale. Mai aikin ya rufe hancinsa da takunkumi ko ƙyalle, musamman idan yana fama da asma ko yawan mura, kuma a janye labule da shimfiɗu daga kusa.

Daga nan sai kwarin ƙasa, inda ɓangaren taga mai zamewa yake gudu a kan ƙananan tayoyinsa. Nan ne matattarar yashi da matattun ƙwari da kashin tsaka, kuma nan ne asalin taurin da taga ke yi. A tura tagar gefe ɗaya, a share rabin kwarin da buroshin fenti, a tattara dattin wuri guda a kwashe shi da takarda mai kauri, sannan a mayar da tagar ɗaya gefen a yi wa ragowar rabin haka. Mai injin zuƙar ƙura zai gama wannan cikin ɗan lokaci. Abin da ya daskare a kusurwa a sassauta shi da buroshin haƙori ko tsinke. Kada a sa wuƙa ko ƙusa ko sukudireba, domin idan bakin layin da taya ke hawa ya samu rauni, tagar za ta riƙa tuntuɓe a wurin duk lokacin da aka ja ta, kuma tayar za ta cinye da wuri.

Sai yanzu ruwa zai shigo. A tsoma soso cikin ruwan sabulu, a matse shi har ya daina ɗiga, a goge firam daga sama zuwa ƙasa, ana bin tsawon sandar, ba ana zagaye ba. A riƙa yin sanda ɗaya ana ɗauraye ta da tsumma mai ruwa tsabtatacce kafin a wuce ta gaba, sannan a bi da busasshen tsumma. Idan ruwan ɗauraya ya fara yin ja a sauya shi, a zuba tsohon a gindin bishiya ko a yayyafa wa tsakar gida. Domin shiga cikin kwarin firam, a naɗa ɗan tsumma mai danshi a jikin tsinke ko a kan buroshin haƙori, a ja shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a sauya wurin da ya yi datti, a maimaita har tsumman ya fito fes. Ta wannan hanya ruwa lita huɗu ko biyar kan ishi tagogi uku masu matsakaicin girma, kuma bango ba ya jiƙa. Kwarara ruwa da bokiti ko tiyo yana tura taɓo cikin ramukan firam, ya kuma zubo a jikin bango ya bar jan zane a kan fenti.

Shanyawa da busasshen tsumma ba ado ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa, kuma idan ya bushe da kansa yakan bar farin tabo a gilashi da firam, musamman baƙi da mai launin tagulla. Idan tabon ya riga ya zauna, a haɗa farin binegar da ruwa daidai wa daida, ko a matse lemun tsami a tace shi a ƙara masa ruwa, a jiƙa tsumma a ɗora a wurin na minti biyu ko uku, a goge a hankali, sannan a ɗauraye da ruwa zalla a shanya. Tsami ma yana cin alminiyum idan ya daɗe a jikinsa, don haka ba a barin sa ya kwana. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kai wa. Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne kada a taɓa haɗa binegar ko lemun tsami da ruwan jabel, ko a bokiti ko a tsumma ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba wadda ke ƙona maƙogwaro da huhu, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti.

Akwai wani wuri da mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan aka duba ƙasan firam ta waje, za a ga ƴan ƙananan ramuka, wasu dogaye wasu zagayayyu, waɗanda aka huda da gangan domin ruwan saman da ya shiga kwari ya fita waje. Hunturu yana cike su da ƙura, zanzaro kuma yakan toshe su da laka. Idan ruwan farko ya zo da iska, kamar yadda yakan zo mana a watan Yuni, kwarin yana cika ya tumbatsa zuwa cikin ɗaki, mai gida ya ɗauka cewa tagar ce ba a yi ta da kyau ba, alhali ramukan ne suka toshe. A zura tsinke a buɗe su, sannan a zuba rabin kofi na ruwa a cikin kwarin a leƙa waje a gani ko yana fita. Na sha ganin gidajen da aka liƙe waɗannan ramuka da siminti ko silikon wai don hana ƙura da sauro shiga, kuma ribar da aka samu ita ce bango mai danshi da fenti mai ɓamɓarewa a ƙarƙashin taga.

Tagar kicin tana da nata hali, domin hayaƙi da tururin mai suna haɗuwa da ƙura su zama danƙo. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka yana narkar da shi idan aka ba shi lokaci: a shafa, a jira minti biyar, a goge, a sake idan bai fita duka ba. Gidan zanzaro da kashin tantabaru a jiƙa su da tsumma har su yi laushi kafin a cire, kuma kashin tsuntsu kada a bar shi ya daɗe, domin yana cin fenti.

Babbar ɓarna takan faru ne tun gidan bai gama ginuwa ba. Ɗanyen siminti da farar ƙasa suna ƙona fatar alminiyum, kuma feshin da ya kwana biyu a jikin firam yakan bar tabon da ba ya fita ko an cire simintin. Wanda yake gini ya sa ido a rufe firam da leda kafin magina su fara shafe, kuma duk abin da ya fantsama a goge shi da ruwa tun yana ɗanye. Idan ya riga ya bushe, a jiƙa shi sosai, a ɗaga shi a hankali da guntun katako ko tsohon katin roba. Masu sa tayil sukan wanke ƙasa da asid domin cire ragowar siminti, kuma wannan asid ɗin, ko da tururinsa ne, yana ɓata alminiyum da maƙallan taga, saboda haka a hana shi kusantar firam. Ledar da sabon firam ke zuwa da ita kuma a ɓare ta da zarar an gama fenti, domin idan ranar Damagaram ta gasa ta wata da watanni, takan manne ta riƙa yagewa guntu-guntu. Ragowar gam ɗinta yana fita da ɗan kananzir a bakin tsumma, amma a gwada a ɓoye tukuna, a kiyaye kada ya taɓa roba domin yana kumbura ta, a nisanci wuta, sannan a bi da ruwan sabulu. Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da fetur ba su dace ba, suna dusar da fenti.

Yawancin tagoginmu suna da sandunan ƙarfe na tsaro a waje, kuma jan tabon da ake gani a firam da damina galibi daga gare su yake gangarowa. Ruwan lemun tsami yakan rage shi idan sabo ne, amma maganinsa na gaskiya shi ne a kankare tsatsar sandunan a yi masu fenti kafin ruwa ya sauka. Idan kuma aka ga farin gari yana fitowa a kewayen wani sukuru, alama ce cewa na baƙin ƙarfe aka sa, kuma haɗuwarsa da alminiyum a cikin danshi tana cin alminiyum ɗin. A sa mai gyara ya sauya shi da wanda ba ya tsatsa.

Bayan komai ya bushe, a duba robar da ke riƙe gilashi da kuma ɗan gashin nan mai kama da buroshi da ke bakin ɓangaren mai zamewa. Su ne ke tare ƙura, kuma zafi yana busar da roba har ta tsattsage, gashin kuma yakan kwanta ko ya zube. Idan sun lalace, masu harhaɗa alu suna sauya su ba tare da an cire firam ba, kuma wanda ya sauya su kafin hunturu zai ga bambanci a yawan sharar ɗakinsa. Game da sa wa taga mai domin ta yi santsi, a guji baƙin man inji da giris da man gyaɗa. A ranar farko suna sa tagar ta gudu, amma cikin mako guda ƙura ta manne masu sun zama baƙin danƙo mai cin taya. Abin da ya dace shi ne feshin silikon na sa santsi, ba silikon na liƙi ba, a fesa kaɗan a jikin tayoyi da makulli, a goge abin da ya yi saura. Idan ba a samu ba, a goga guntun kyandir sau ɗaya ko biyu a kan layin. Tagar da aka share kwarinta aka kuma sa mata wannan amma ta ci gaba da ja da ƙasa, tayarta ce ta cinye, sai a sauya ta.

Ragar sauro a kaɗe ta da buroshi mai laushi daga ciki zuwa waje kafin a wanke firam, in ba haka ba ƙurarta za ta dawo kan abin da aka wanke. Idan mai cirewa ce, a kwantar da ita a kan tabarma a goge da soso ba tare da an danna ba, domin tana saurin yin ciki. Ɓangaren gilashi mai zamewa ma a yawancin tagogi yana cirewa idan aka ɗaga shi sama aka jawo ƙasansa ciki, amma yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, don haka aikin mutum biyu ne, kuma ba na yara ba. A gidan bene kada kowa ya fitar da jikinsa waje domin goge firam; abin da hannu bai kai ba daga ciki a bar wa mai tsani, wani kuma ya riƙe masa tsanin.

Game da yawan lokaci, ni dai abin da ya yi mini daidai shi ne kaɗe ƙura da buroshi a bushe sau ɗaya a mako muddin ana hunturu, aikin da ba ya wuce minti biyu a kowace taga. Cikakken wanki da ruwa kuwa sau uku a shekara ya wadatar: a ƙarshen Maris idan hazo ya lafa, a ƙarshen Mayu tare da buɗe ramukan fitar ruwa kafin damina, sai kuma a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da ake duba roba da gashin bakin taga. Gidan da ke bakin hanyar da ba ta da kwalta, ko kusa da tasha, zai bukaci ƙarin wanki ɗaya a tsakiyar hunturu, kuma tagar kicin a riƙa bin ta da ruwan ɗumi kowane wata.